Jagorar Karɓar Wanda Ya Ji Rauni a Kai Kafin Ya Isa Hannun Likitan Tiyatar Ƙwaƙwalwa

Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa yana duba larurori da dama, waɗanda suka haɗa da ƙari a cikin kai, da taruwar ruwa a kan jarirai, da buɗaɗɗen gadon baya da ake haifar wasu yara da shi, da matsewar laka da jijiyoyin baya, amma babu wadda ta kai raunin kai yawan zuwa gabansa, kuma babu wadda makomarta ta rataya a wuyan ma'aikacin da ya fara karɓar marar lafiya kamar ita. Hatsarin babur ba tare da hular kwano ba, da karon motoci a manyan hanyoyi, da faɗowa daga bishiya, da rushewar katangar laka a tsakiyar damina, da dukan sanda ko saran adda, su ne ke cika ɗakunan gaggawa da masu fasasshen kai. Tun daga 1962, lokacin da Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Ibadan, fannin ya bazu zuwa asibitocin koyarwa na Sakkwato da Zariya da Kano da Jos, da babban asibitin ƙasa na Abuja da na Yamai, sai dai har yanzu likitocinsa kaɗan ne, kuma suna nesa da inda mafi yawan hatsarin ke faruwa. Saboda haka awannin farko na marar lafiya kan wuce ne a hannun ma'aikacin jinya, ko ma'aikacin lafiya na matakin farko, ko sabon likita a babban asibitin ƙaramar hukuma. Kurakuran da ake yi a waɗannan awanni iri ɗaya ne, suna kuma maimaituwa daga wannan asibiti zuwa wancan, kuma domin masu fara aikin aka tsara wannan jagora.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Raunin ƙwaƙwalwa kashi biyu ne. Na farko shi ne wanda ya auku a daidai lokacin da kai ya bugu, kuma babu likitan da zai iya warware shi. Na biyu shi ne wanda ke biyo baya cikin mintoci da awanni, sakamakon ƙarancin iska, ko faɗuwar awon jini, ko gudan jini da ke girma a cikin kai, ko kumburi, ko zazzaɓi, ko jijjiga, ko ƙarancin sukari, kuma kusan dukansu ana iya hana su ko a rage su da kayan da ke ƙaramin asibiti. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin ɗari na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da ma'ajiyar iska ko ta sukari, don haka yankewar mintoci kaɗan ta isa ta kashe ƙwayoyin da suka tsira daga bugun farko.

Ƙoƙon kan baligi ba ya buɗewa, kuma abu uku ne suka cika shi: ƙwaƙwalwa, da jini, da ruwan ƙwaƙwalwa, wato farin ruwan nan mai kewaya ƙwaƙwalwa da laka wanda yawansa ya kai kimanin mililita 150. Likitocin Sikotilan biyu, Alexander Monro a 1783 da George Kellie a 1824, su ne suka aza tushen bayanin da ke cewa idan ɗaya daga cikin ukun ya ƙaru, ko wani abu na huɗu ya shigo, dole sauran su ragu. Lamarin kamar tulu ne da aka cika har baki aka toshe. Idan gudan jini ya fara taruwa, jiki yakan kore wani ɓangare na ruwan ƙwaƙwalwa zuwa gadon baya, ya rage jinin da ke kwance a jijiyoyi, sai marar lafiya ya zauna yana magana tamkar babu abin da ya same shi; da zarar wurin ya ƙare, ƙarin jini kaɗan sai ya ɗaga matsin cikin kai da sauri, ƙwaƙwalwa ta tunkuɗu zuwa ƙasa ta danne cibiyar numfashi. Wanda ya riƙe wannan bayani zai gane dalilin kowane mataki da ke tafe.

Kayan da ake bukata

Safar hannu, da tocila mai haske sosai, da agogo, da takarda da alƙalami domin rubuta awo tare da lokacinsa.
Na'urar awon jini, da na'urar da ake maƙalawa a yatsa domin auna iskar oksijin, da na'urar gwada sukari, da ma'aunin zafin jiki.
Tukunyar oksijin da abin rufe hanci da baki, da na'urar zuƙe jini da majina, da robar da ake sa wa a baki domin hana harshe toshe maƙogwaro, da jakar hura iska ta hannu.
Abin tallafe wuya. Idan babu, jakunkunan yashi biyu ko zannuwa biyu da aka naɗe tam, da filasta mai faɗi.
Manyan allurai biyu na ƙarin ruwa, da ruwan gishiri mai kashi 0.9 cikin ɗari, da robar fitsari, da bandeji da kayan ɗinki.
Lambar wayar asibitin da ke da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da na'urar hoton CT, a manne a bango tun kafin ranar bukata.

Mataki na 1: Wuya da hanyar numfashi

Duk wanda ya bugu a kai har ya suma, ana ɗaukar cewa ƙashin wuyansa ya karye har sai an tabbatar da akasin haka, domin ƙarfin da ya isa ya girgiza ƙwaƙwalwa ya isa ya goce ƙashin wuya, kuma wanda ba ya cikin hayyacinsa ba zai iya cewa wuyansa na ciwo ba. Mutum ɗaya zai tsaya ta wajen kai ya riƙe shi da hannu biyu a miƙe daidai da jiki, sannan a sa abin tallafe wuya ko a tokare gefe biyu na kai a ɗaure goshi da filasta. Sauke marar lafiya daga mota ta hanyar kama hannuwa da ƙafafu, kai yana reto, ya jawo wa mutane da yawa shanyewar jiki da ba su zo da ita ba. Idan za a juya shi, mutum huɗu ne ke yi, mai riƙe da kai shi ne ke ba da umarni, kuma kai da kafaɗa da ƙugu su juya tare. Hular kwano ma mutum biyu ke cire ta.

Mai minshari bayan rauni ba barci yake yi ba, harshensa ne ya koma baya ya toshe hanya. Ana buɗe hanyar ne ta hanyar sa yatsu a bayan kusurwar muƙamuƙi a tura shi gaba, ba tare da an karkatar da kai baya ba, sannan a zuƙe jini da amai da karyayyun haƙora. 'Yan'uwa sukan yayyafa wa wanda ya suma ruwa ko su ɗura masa madara, kuma wajibi ne a hana su da lallami tare da bayani, saboda wanda hayyacinsa ya ragu ba ya iya haɗiya daidai, abin da aka ba shi huhu yake tafiya. Haka nan ba a jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kati kafin a fara wannan aiki, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ta hana ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili.

Mataki na 2: Iska da jini

Ana ba da oksijin tun daga farko, a riƙe awon yatsa a kan 94 zuwa sama, kuma kada a bari ya sauka ƙasa da 90 ko na ɗan lokaci. A buɗe ƙirji a duba ko ɓangarorin biyu na ɗagawa tare.

Jini yana shiga ƙwaƙwalwa ne idan ƙarfin bugunsa ya rinjayi matsin da ke cikin kai, saboda haka ƙwaƙwalwar da ta kumbura tana bukatar awon jini mai kyau fiye da lafiyayya. Bincike ya nuna cewa faɗuwar lambar sama ta awon jini ƙasa da 90, ko sau ɗaya ne, tana ninka haɗarin mutuwa ga mai mummunan raunin kai, kuma ƙa'idojin da ake bi yanzu sun nemi a riƙe ta a kan 100 zuwa 110 ko sama da haka ga baligi. Kurakurai uku ne suka fi yawa a nan. Na farko shi ne ɗora laifin faɗuwar awon jini a kan raunin kai, alhali ga baligi raunin kai shi kaɗai ba ya cika saukar da awon jini sai a ƙarshen lamari. Wanda awonsa ya faɗi kuma zuciyarsa ke gudu, jini yake zubarwa a ciki, ko a ƙirji, ko a ƙugu, ko a cinya, ko ta fatar kai, kuma sai an nemo wurin an tsayar. Jarirai ne kaɗai ke iya zubar da jinin da zai saukar da awonsu a cikin kai. Na biyu shi ne rataya ruwan sukari mai kashi 5 cikin ɗari, wanda da zarar jiki ya cinye sukarin sai ya zama ruwa zalla ya shige ƙwaƙwalwa ya ƙara mata kumburi; ruwan gishiri ake bayarwa, ruwan sukari kuwa sai gwaji ya nuna sukarin jini ya faɗi. Na uku shi ne gaggawar saukar da awon jinin da ya hau, alhali sau da yawa jiki ne ya ɗaga shi da kansa domin ya tura jini cikin kan da ya matse, kuma wanda ya saukar da shi ya yanke wa ƙwaƙwalwa abincinta.

Idan ba a wuce awa 3 da jin raunin ba, akwai gurbin maganin taranekzamik asid, mai hana gudan jini narkewa: giram 1 ta jijiya cikin minti 10, sannan giram 1 cikin awa 8. Babban gwajin CRASH-3, wanda aka buga sakamakonsa a 2019 bayan an shigar da marasa lafiya sama da 12,000, ya nuna raguwar mutuwa musamman ga masu ƙaramin rauni da matsakaici waɗanda aka ba maganin da wuri.

Mataki na 3: Auna hayyaci

Wannan shi ne matakin da aka fi yi da sakaci, kuma shi ne wanda likitan tiyata ya fi dogara da shi. Rubuta cewa marar lafiya "ya ɗan suma" ko "yana cikin magagi" ba ya gaya wa ma'aikacin da zai karɓi aiki komai. A 1974 Graham Teasdale da Bryan Jennett na birnin Gilasgo suka fito da ma'aunin da duniya ke amfani da shi, wanda ke duba abu uku dabam dabam, jimillarsu daga 3 zuwa 15.

Buɗe ido yana da maki 4: ya buɗe da kansa 4, sai an yi magana 3, sai an matsa masa 2, bai buɗe ba 1. Magana tana da maki 5: ya san kansa da inda yake da lokacin da ake ciki 5, yana haɗa jimla amma a ruɗe 4, kalmomi ɗaiɗai marasa haɗi 3, nishi ko gurnani 2, shiru 1. Motsi yana da maki 6: ya bi umarni 6, ya kai hannu sama da ƙashin kafaɗa zuwa inda aka matsa masa 5, ya janye hannu da sauri 4, ya lanƙwashe hannu a hankali zuwa ƙirji yana dunƙule yatsu 3, ya miƙar da hannu a sandare yana murɗa shi 2, babu motsi 1. Jimillar 13 zuwa 15 ƙaramin rauni ne, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mummuna, kuma mai 8 zuwa ƙasa ba ya iya kare hanyar numfashinsa, yana bukatar a sa masa bututun numfashi a inda ake da mai iya sa wa.

Ana fara gwajin da kallo, sannan murya, sannan matsi. Ana kiran mutum yadda ya saba jin an kira shi, da murya mai ƙarfi: "Baba, buɗe idonka," ko "Hajiya, ina ne nan?" Umarnin motsi ya zama irin "Malam, fito da harshenka ka mayar" ko "ɗaga yatsu biyu", domin cewa a matse hannu yana yaudara, tun da ƙwaƙwalwar da ta lalace sosai ma tana iya sa yatsu su damƙe abin da aka sa a tafin hannu. Matsi kuwa ana yin sa a farcen yatsa, ko a tsoka tsakanin wuya da kafaɗa, ko a ƙashin girar sama idan fuska ba ta karye ba. Murza ƙirji da mari da mintsini marar iyaka ba sa ƙara bayani, sai dai su bar tabo. Dole ne a yi tambaya da harshen da mutum ke ji, saboda makiyayin da Fulatanci kaɗai ya iya ba a ruɗe yake ba don ya kasa amsa Hausa, haka ma dattijon da ya ambaci watan Musulunci ko ranar kasuwar garinsu daidai ya san lokaci, ko da bai san sunan watan Bature ba. Idan ido ya kumbura ya rufe, sai a rubuta cewa ba ya gwaduwa, ba a ba shi maki 1 ba.

Ana rubuta makin kashi uku a rarrabe tare da lokaci, misali ido 3, magana 4, motsi 6, ƙarfe 2:15 na rana. Awo ɗaya amfaninsa kaɗan ne, jerin awo shi ne ke nuna inda marar lafiya ya dosa: mai maki 10 da ke hawa ya fi mai maki 14 da ke sauka kwanciyar hankali. Warin giya ko zaton shan ƙwaya ba hujja ba ce ta ajiye mutum a gefe har "ta sake shi", domin buguwa ba ta hana gudan jini, ita ce ma kan jawo faɗuwar. Raguwar hayyaci ana danganta ta ga rauni har sai an tabbatar da wani dalili.

Mataki na 4: Ido da gaɓoɓi

Ana haska tocila daga gefe a kowane ido, a dubi baƙin ramin da ke tsakiyar ido, a rubuta faɗinsa da milimita da kuma ko ya tsuke da ganin haske. Jijiya ta uku ta cikin kai, wadda ke tsuke wannan rami, tana bi ta daidai inda ƙwaƙwalwa ke fara tunkuɗowa idan matsi ya yi yawa, don haka ido ɗaya da ya buɗe ya daina amsa haske, ga wanda hayyacinsa ke raguwa, alama ce ta gudan jini, galibi a ɓangaren wannan idon, kuma aikin tiyata ne na nan take. A tambayi 'yan'uwa ko idon yana da tsohuwar matsala. Ba a ɗiga maganin buɗe ido ga mai raunin kai, domin yana ɓoye wannan alama. Sai a gwada ƙarfin hannuwa da ƙafafu huɗu a kwatanta dama da hagu. Hawan awon jini tare da raguwar bugun zuciya da rikicewar numfashi, abin da ake dangantawa da sunan Harvey Cushing, alama ce da ke zuwa a makare, kuma kuskure ne a zauna ana jiran ta kafin a ɗauki mataki.

Mataki na 5: Duba kai da neman labarin hatsarin

Fatar kai tana zubar da jini sosai, kuma dannawa da bandeji ko 'yan ɗinki kaɗan na tsayar da shi. Sai dai kafin a ɗinke kowane rauni wajibi ne a aske kewayensa, a wanke, a duba ƙasansa da haske. Idan ƙashi ya lotsa, ko an ga gutsattsarinsa, ko farin ruwa ko naman ƙwaƙwalwa na fitowa, ba a tono ba a ciro komai, ana rufewa da ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa da ruwan gishiri, a danna gefen raunin maimakon tsakiyarsa, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar rigakafin titanos, a tura. Ɗinke fata a kan lotsattsen ƙashi tare da gashi da ƙasa a ciki, sannan a sallami mutum, shi ne ke dawo da masu saran adda bayan kwanaki da ruɓa a ƙwaƙwalwa ko sanƙarau. Wuƙa ko ƙarfe da ya kafe a kai ana barinsa a inda yake, a tokare shi.

Karayar gindin ƙoƙon kai tana bayyana da baƙin kewayen idanu biyu, ko tabon jini a bayan kunne, ko jini ko farin ruwa daga hanci ko kunne. Ba a toshe kunne ko hanci da auduga, ba a wanke cikinsu, ba a barin marar lafiya ya fyace, kuma ba a zura robar ciki ta hanci, domin tana iya bi ta karayar ta shiga ƙwaƙwalwa. Ta baki ake sa wa.

Daga bakin waɗanda suka kawo shi a nemi lokacin hatsarin, da yadda ya faru, da ko ya suma, da tsawon suman, da ko ya yi amai ko jijjiga, da ko yana shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin. A kuma tambayi abin da ya kayar da shi, domin farfaɗiya ko ƙarancin sukari ko shanyewar ɓarin jiki na iya zama asalin faɗuwar. Labarin da ya fi kowanne haɗari shi ne na wanda aka buga a gefen kai, tsakanin ido da kunne, ya suma ya farfaɗo ya tashi yana magana. Ƙashin wurin siriri ne, kuma a ƙarƙashinsa wata jijiyar jini ke bi. Idan ta tsage, jini kan taru tsakanin ƙashi da kakkauran tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, mutum ya koma suma bayan awanni. Ba duk masu wannan gudan jini ke samun wannan farfaɗowar ba, amma waɗanda suka same ta su ne aka fi sallama bisa kuskure, alhali idan aka cire gudan da wuri ƙwaƙwalwarsu kan dawo lafiya lau.

Mataki na 6: Kwanciya, magani da sa ido

Bayan awon jini ya daidaita, ana ɗaga ɓangaren kai na gado kimanin digiri 30, kai a miƙe, domin jinin da ke fitowa daga kai ta jijiyoyin wuya ya sauka ba tare da cikas ba. Idan ba a tabbatar da lafiyar gadon baya ba, gadon gaba ɗaya ake karkatarwa. Abin tallafe wuya da ya matse sosai yana hana wannan saukar. Zazzaɓi ana sauke shi da farasitamol, wanda shi ne kuma maganin ciwo na farko, a guji asfirin da dikilofenak da ibufurofen saboda suna ƙara zubar jini.

Marar lafiya mai fizge-fizge yana gajiyar da ma'aikata, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a yi masa allurar diyazefam ya yi shiru, amma wannan shirun yana rufe alamomin da ake bibiya, yana kuma danne numfashi. Fizge-fizge yakan fito ne daga ƙarancin iska, ko cikar mafitsara, ko zafin karaya, ko hawan matsin kai, kuma su ake nema ɗaya bayan ɗaya. Gurbin diyazefam shi ne jijjigar da ke gudana, a ba da shi da jakar hura iska a kusa, a biyo da fenitoyin. Deksametazon da danginsa suna da amfani ga kumburin da ƙari ke jawowa, amma ga raunin kai cutarwa suke yi: gwajin CRASH na farko, wanda aka buga a 2004 da marasa lafiya kimanin 10,000, an dakatar da shi ne saboda waɗanda aka ba irin wannan magani sun fi mutuwa, kashi 21 cikin ɗari a mako biyu idan aka kwatanta da kashi 18. Abin damuwa ne cewa har yau ana samun sa a takardun marasa lafiya da aka turo. Manitol kuwa, wanda ke janyo ruwa daga ƙwaƙwalwa, ana ajiye shi ne ga wanda idonsa ya buɗe ko makinsa ke faɗuwa da sauri, bisa umarnin likita, giram 0.25 zuwa 1 ga kowane kilo na nauyin jiki, da robar fitsari a jiki, kuma ba a ba wanda awon jininsa ya faɗi. Ba ya cire gudan jini, jinkirta haɗarin kawai yake yi na 'yan awanni domin a isa ɗakin tiyata.

Ana maimaita makin hayyaci da duba ido da awon jini da bugun zuciya da numfashi duk rabin awa har makin ya kai 15, sannan duk rabin awa na tsawon awa 2, duk awa ɗaya na tsawon awa 4, daga nan duk awa 2. Da dare ma ana tayar da marar lafiya a gwada, ko da 'yan'uwa sun roƙi a bar shi ya huta. Saukar maki 2 a jimilla, ko maki 1 a motsi da ya ƙi dawowa, ko sabon amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko bambancin idanu, dalili ne na kiran likita a take.

Mataki na 7: Turawa

Hoton CT, wanda ke nuna cikin kai yanka yanka, shi ne kaɗai ke bambance gudan jini da kumburi cikin sauri. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ƙwaƙwalwa, kuma fitowarsa lafiya ba ta kore gudan jini, don haka kashe kuɗin iyali da lokacinsu a kansa asara ce. Ana tura duk wanda makinsa bai kai 13 ba a farko, ko bai kai 15 ba bayan awa 2, da mai alamar karayar ƙoƙon kai, da wanda ya yi jijjiga, ko amai fiye da sau ɗaya, ko raunin wata gaɓa, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda ya kai shekara 65 ya kuma suma ko ya manta abin da ya faru. Ga jariri, kumburin maɗiga da ƙin kama nono da kuka marar tsayawa suna cikin alamomin.

A buga waya kafin motar ta tashi, a tabbatar na'urar hoton tana aiki kuma likitan tiyata yana nan, domin bin asibitoci ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana tura wa na gaba, shi ne ke cinye awannin da ake bukata. Wani nazari da aka buga a Amurka a 1981 kan masu gudan jini a ƙarƙashin tantanin ƙwaƙwalwa ya samu cewa waɗanda aka yi wa tiyata cikin awa 4 kashi 30 cikin ɗari ne suka mutu, waɗanda aka yi wa bayan haka kuwa kashi 90. Duk da wannan gaggawa, ba a ɗora mutum a mota hanyar numfashinsa ba ta tabbata ba, ko jini na zuba. Ma'aikaci ya raka shi da oksijin da ruwan gishiri da jakar hura iska, da takarda mai ɗauke da lokacin hatsari da jerin awo da magungunan da aka bayar. A gaya wa iyali gaskiya, cewa ana zaton jini ya taru a kai kuma jinkiri na iya kashe shi, a shawarce su su tafi da waɗanda za su iya ba da jini.

Mataki na 8: Sallama

Wanda makinsa ya cika 15, ba shi da ko ɗaya daga alamomin da aka lissafa, kuma ya ci ya sha ba tare da amai ba, ana iya sallamarsa a hannun baligi mai hankali da zai zauna da shi awa 24, a gidan da ke da hanyar dawowa asibiti da dare. A bayyana wa wannan mutum, ba marar lafiya kaɗai ba, cewa barci mai wuyar tashi, da amai, da ciwon kai mai ƙaruwa, da ruɗewa, da jijjiga, da raunin hannu ko ƙafa, da ruwa daga hanci ko kunne, kowannensu dalilin dawowa ne ba tare da jiran gari ya waye ba. Ya nisanci tuƙi da hawa sama da giya da maganin barci na 'yan kwanaki.

Tsofaffi suna bukatar ƙarin gargaɗi. Ƙwaƙwalwa tana ɗan tsukewa da tsufa, ƙananan jijiyoyin da suka ratsa daga samanta zuwa tantani su miƙe, har ɗan bugu da bakin ƙofa ko zamewa a makewayi ya isa ya tsinka ɗaya, jini ya riƙa tsattsafowa a hankali. Bayan mako biyu zuwa 'yan watanni sai dattijo ya fara mantuwa, ko jan ƙafa, ko yawan barci, ko sauyin hali, iyali su ce rikicin tsufa ne ko shanyewar ɓarin jiki ko taɓin iska, su kuma riga sun manta da faɗuwar. Ma'aikacin da ya ga irin wannan ya tambayi labarin faɗuwa a watannin baya, ya tura a yi hoton CT, domin tiyatar wannan larura huda ƙaramin rami ɗaya ko biyu ne a ƙoƙon kai a tsiyaye tsohon jinin, wani lokaci ma da allurar kashe zafin wurin kaɗai, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa sukan dawo hayyacinsu cikin kwanaki.